Suna Ɗaya a Wuri Uku: Ƙungiya, Faifai da Waƙa a Kiɗan Rok

 

Abin da zan yi magana a kai yau ƙarami ne a ido. A tarihin kiɗan rok na Turawa akwai wasu ƙungiyoyin makaɗa da suka ɗauki suna ɗaya suka ɗora shi a wuri uku: shi ne sunan ƙungiyar, shi ne sunan faifansu, shi ne kuma sunan wata waƙa a cikin faifan. Masu sha'awar kiɗan kan mayar da abin wasan ƙwaƙwalwa, a ce wa zai kawo misali goma. Ni kuwa ina ganin ya wuce nan. Samarin da suka yi haka sun yi wa kansu alkawari ne a bainar jama'a, tun ba su mallaki komai ba, kuma alkawarin yakan bi su har tsufa. Ina so mu duba su wa suka cika shi, da kuma abin da ya ci musu.

Kafin nan sai mun san matsayin suna a wannan sana'a. A dokar Amurka da ta Birtaniya, sunan waƙa shi kaɗai ba ya samun kariyar haƙƙin mallaka. Kalmomin waƙar da karinta na mai su ne, amma sunan kowa na iya ɗauka. Shi ya sa tsakanin Disambar 1984 da Oktoban 1985 waƙoƙi uku daban-daban, duk masu suna The Power of Love, suka hau matsayi na ɗaya: ta ƙungiyar Frankie Goes to Hollywood da ta Jennifer Rush a Birtaniya, ta Huey Lewis and the News kuma a Amurka. Ba wanda ya kai wani kotu. Haka faifai: Beatles sun fitar da Let It Be a 1970, wata ƙungiyar Amurka mai suna The Replacements ta fitar da nata Let It Be a 1984, aka zauna lafiya.

Sunan ƙungiya fa? Wannan tambarin kasuwanci ne, da shi ake sayar da tikiti da riga da faifai, don haka a kansa ake rigima. Lokacin da Nirvana ta Kurt Cobain ta mamaye duniya, sai ga wata Nirvana ta Landan, wadda ta yi tashe tun shekarun 1960, ta shigar da ƙara a 1992, aka sasanta ba tare da an kai ga hukunci ba. Suede ta Ingila dole ta koma The London Suede a kasuwar Amurka, saboda wata mawaƙiya a can ta riga ta da sunan. Lambar 182 da ke jikin Blink-182 ta samo asali ne daga ƙorafin wata ƙungiyar ƙasar Ailan mai suna Blink. To kun ga, sunan ƙungiya shi ne kadara mafi tsada da makaɗa ke da ita. Wanda ya ɗauke shi ya ɗora wa waƙa guda, ya sa jarinsa duka a wuri ɗaya ke nan.

Irin wannan karon suna ne ma ya haifar da misalin da zan fi daɗewa a kansa.

A 1968 wasu samari huɗu daga unguwar Aston ta birnin Birmingham suka haɗu: Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jitar bes, Bill Ward mai ganguna, da Ozzy Osbourne mai rera waƙa. Aston unguwar ma'aikatan masana'antu ce, kuma a lokacin tabon bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu bai gama gogewa daga cikinta ba. Ozzy ya taɓa aiki a mayanka. Iommi kuwa a masana'antar ƙarfe yake, kuma a can ne, yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wurin aikin, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Bahago ne, don haka hannun daman nan shi ne wanda yake danna tsirkiya da shi. Ya riga ya fidda rai, sai shugabansa na wurin aiki ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jitar da ya shahara bayan gobara ta nakasa masa yatsu biyu. Iommi ya samo robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya narkar da ita, ya mulmula, ya huda da ƙarfe mai zafi har ta shiga yatsa, ya goge ta, sannan ya liƙa mata fatar tsohuwar rigar sanyi don kada ta zame a kan tsirkiya. Ya nemi tsirkiyoyi marasa kauri don rage zafin dannawa. Da waɗannan yatsun roba ya kaɗa duk abin da za mu ambata.

Sunan ƙungiyarsu a lokacin Earth, kuma kiɗan bulus suke yi kamar ɗaruruwan ƙungiyoyi irinsu. Matsalar ita ce akwai wata Earth a Ingila, ana ta rikita su da ita wajen gayyata. Suna cikin neman mafita sai waƙa ta zo. Kamar yadda su da kansu suka sha ba da labari, Butler ya lura da yadda mutane ke yin layi a gidan sinima suna biyan kuɗi don a tsorata su, sai suka ce me zai hana a yi kiɗan da zai ba da tsoro. Butler ɗin, wanda ya tashi a gidan Katolika masu riƙo da addini, ya ce akwai daren da ya farka ya ga wani baƙin abu tsaye a ƙarshen gadonsa, bayan ya ajiye wani tsohon littafin tsafi a ɗakinsa. Daga wannan firgita aka gina waƙar. Suka ba ta sunan wani fim ɗin ban tsoro na 1963, wanda Mario Bava ɗan Italiya ya shirya, Boris Karloff ya fito a ciki: Black Sabbath. A watan Agustan 1969 suka yar da Earth suka ɗauki sunan waƙar.

Ku lura da jerin. Waƙar ce ta fara zuwa, ƙungiyar ta bi bayanta. Samarin nan sun saurari abin da ya fito daga hannunsu, suka gane cewa bai yi kama da na kowa ba, suka ce daga yau mu ne wannan. A ganina babu wani misali da ya kai wannan ƙarfi.

Ga wanda bai taɓa jin ta ba, bari in siffanta. Faifan yana buɗewa da ƙarar ruwan sama da tsawa, da ƙararrawar coci daga nesa. Sai jita ta faɗo da sauti uku kacal: na farko mai kauri, na biyu shi ne dai amma a sama, na uku kuma ya sauka a wurin da kunne bai zata ba, ya tsaya yana karkarwa. Tazarar da ke tsakanin na farko da na ukun nan masana kiɗan Turai na dauri kauce mata suke yi saboda rashin daɗinta, har suka laƙaba mata sunan shaiɗan. Ana maimaita sautin ukun nan a hankali, ganguna na bin su can ƙasa-ƙasa, murya na ba da labarin mutumin da ya ga abin tsoro yana nuna shi, yana roƙon Allah ya cece shi. Sai kusa da ƙarshe kiɗan ya ɓalle da gudu. Minti shida da 'yan kai. Duk abin da Black Sabbath za ta yi a shekaru hamsin masu zuwa, wato nauyin, da jinkirin, da tsoron, da juyawar nan ta bazata, yana cikin wannan minti shidan.

Sun ɗauki faifan a Oktoban 1969 a situdiyon Regent Sound da ke Landan, a yini ɗaya, kusan yadda suke kaɗawa a dandali, Rodger Bain na kula da aikin. Kamfanin Vertigo ya fitar da shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, ranar da Turawa ke camfawa. A bangonsa akwai hoton wata mace cikin baƙaƙen kaya, tsaye a gaban tsohon gidan niƙa na Mapledurham a bakin kogin Thames. Masu sharhi a jaridu suka yi masa kaca-kaca, har da Lester Bangs na mujallar Rolling Stone. Matasa kuwa suka saya, ya kai na 8 a Birtaniya, na 23 a Amurka. A yau masana da yawa daga wannan faifan suke fara lissafin kiɗan da ake kira hebi metal.

Amma sunan ya zo da kayansa. Kamfanin ya buga gicciye a kife a cikin bangon faifan, abin da makaɗan suka ce ba da saninsu aka yi ba. Ga kuma wata ƙungiya mai suna Black Widow, wadda ita da gaske take kwaikwayon tsafi a kan dandali, aka dinga haɗa su da ita. Matsafa na aiko musu da gayyata, masu wa'azin coci na tsine musu. Har mahaifin Ozzy, ma'aikacin ƙira a masana'anta, ya ƙera musu gicciye suna ratayawa a wuya. Na san a zauren nan akwai waɗanda sunan kaɗai ya isa ya sa su kau da kai, kuma ba na ganin laifinsu. Abin da nake roƙo shi ne a yi musu adalcin da ake yi wa kowa, a duba abin da suka faɗa. Waƙar ta mutumin da ke gudun shaiɗan ce yana neman tsari. Sai dai jama'a suna jin suna kafin su ji waƙa, kuma da yake sunan nan a wuri uku yake, babu ƙofar da za su bi su fita daga cikinsa. Shekara da shekaru suna bayani.

Dabarar ta girme su, ya kamata in faɗi wannan. A 1955 wani baƙar fata mazaunin birnin Chicago, Ellas McDaniel, wanda aka sani da Bo Diddley, ya fitar da waƙa mai suna Bo Diddley, ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin baƙaƙen Amurka. A 1958 faifansa na farko ya fito, shi ma Bo Diddley. Karin gangar da ke cikinta har yau da sunansa ake kiran sa. A nan mu Hausawa ba baƙi ba ne. Mun san kirari, mun san bakandamiya, waƙar da makaɗi ke tsayawa ya wasa kansa ya nuna iyakar fasaharsa, kamar yadda Mamman Shata da Narambaɗa suka yi. Bambancin da nake gani shi ne, a wurinmu sai makaɗi ya ƙasaita ake maganar bakandamiyarsa. Waɗannan samarin na rok kuwa da ita suke buɗe baki, a faifan farko, tun ba a san su ba. Nan ne kasadar take.

Misali na biyu labarin korarre ne. Ian Kilmister, wanda duniya ta sani da Lemmy, yana kaɗa bes a ƙungiyar Hawkwind. A 1975, suna rangadi, aka kama shi da ƙwaya a kan iyakar Kanada. An sake shi, amma abokan aikinsa suka sallame shi. Waƙar ƙarshe da ya rubuta musu ita ce Motorhead, kalmar da 'yan bariki a Amurka ke kiran mai shan ƙwayar hana barci da ita, kuma Hawkwind sun sa ta ne a bayan faifan wata waƙa, ba su ɗauke ta da muhimmanci ba. Da ya tashi kafa tasa ƙungiyar ya so ya sa mata wata kalmar zagi, manajansa ya ce da irin wannan suna ba za a taɓa nuna su a talbijin ba. Sai ya koma ya ɗauko waƙarsa daga hannun waɗanda suka kore shi, ya mayar da ita suna.

Shekara biyu suna shan wuya. Kamfanin United Artists ya ɗauki faifansu na farko ya ƙi fitarwa. A 1977, shi da Eddie Clarke da Phil Taylor har sun yanke shawarar watsewa, sai Ted Carroll na ƙaramin kamfanin Chiswick ya ba su kwana biyu a situdiyo su ɗauki waƙa ɗaya ko biyu. Suka yi ta kaɗawa ba barci har suka tara abin da ya kusa cika faifai. A Agustan 1977 faifan Motörhead ya fito, waƙar Motörhead ce ta buɗe shi. Bayan shekara huɗu, a 1981, faifansu na wasan dandali ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, waƙar nan da aka taɓa jefawa a baya kuma ta shiga cikin goman farko. Ba na yaba rayuwar da sunan ke nufi, ta ci mutane da yawa a wannan sana'a. Abin da na ɗauka a labarin shi ne mutumin da aka raba da komai sai waƙa ɗaya, ya gina shekara arba'in a kanta. Da Lemmy ya rasu ranar 28 ga Disambar 2015, nan take sauran suka sanar cewa Motörhead ta ƙare. Sunan nasa ne shi kaɗai tun farko, ba wanda zai gaje shi.

Iron Maiden ta nuna akasin haka. Steve Harris ya kafa ta a gabashin Landan ranar Kirsimetin 1975, kuma a nan sunan ƙungiyar ne ya fara zuwa, waƙar ta biyo baya. Ta fito a ɗan faifan da suka buga da kansu a 1979, sannan ta rufe faifansu na farko da kamfanin EMI ya fitar ranar 14 ga Afrilun 1980, wanda ya kai na 4 a Birtaniya. Idan za a faɗi gaskiya, ba ita ce mafi kyawun waƙoƙinsu ba, gajeriya ce kuma mai sauƙin gini idan aka gwada ta da dogayen da suka yi daga baya. Amma kusan duk wasan da suka yi, da ita suke rufe babban sashen, a lokacinta ne kuma dodonsu Eddie, wanda Derek Riggs ya zana a bangon faifan, ke bayyana ƙato a bayan dandali. Paul Di'Anno ne ya fara rera ta a faifai. Ya tafi a 1981 Bruce Dickinson ya karɓa. Dickinson ya tafi, Blaze Bayley ya rera ta daga 1994 zuwa 1999, Dickinson ya dawo ya ci gaba. Maƙogwaro uku, waƙa ɗaya. Duk wanda ya shigo ƙungiyar sai ya tsaya gaban dubban mutane ya furta sunanta a cikin waƙa, kuma wannan ne ke nuna wa 'yan kallo cewa gidan bai canza ba ko da masu tsaron ƙofa sun canza.

Bad Company, wadda aka fi yawan kawowa misali, ita ce na fi ɗari-ɗari da ita. Paul Rodgers da Simon Kirke daga ƙungiyar Free suka fito, Mick Ralphs daga Mott the Hoople, Boz Burrell daga King Crimson. Sanannu ne tun kafin su haɗu, manajan Led Zeppelin ne ke riƙe da su, kuma faifansu na 1974 ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Waƙar tana da daɗi ƙwarai, muryar Rodgers a kan fiyano abin saurare ce. Amma labarin ɗan fashin dajin yammacin Amurka ne mai bindiga a hannu, daga bakin Ingilishin garin Middlesbrough. Riga ce suka saka, ta kuwa yi musu kyau. Ba su yi kasadar komai ba, shi ya sa ban sa su a sahun ukun farko ba.

Akwai ragowar labarin Black Sabbath da ya kamata ku ji, don a nan ne aka ga ƙarshen abin da suna ke iya yi. A 1979 suka sallami Ozzy, suka ɗauko Ronnie James Dio, Ba'amurke mai murya dabam da salo dabam. Faifan da suka yi da shi a 1980 sunansa Heaven and Hell, akwai kuma waƙa mai wannan suna a ciki, wadda ta zama tambarin zamanin Dio. Daga nan mutane suka yi ta shiga da fita, Iommi kaɗai ne bai taɓa barin sunan ba, har a shekarun da kasuwa ta ja baya. A ƙarshen shekarun 1990 mutum huɗun farko suka sake haɗuwa, sunan ya koma kansu a idon jama'a. To da Iommi da Butler suka so sake aiki da Dio a 2006, tare da mai ganguna Vinny Appice, sai ya zama ba za su fita da tsohon sunan ba tare da an rikita su da tafiyar Ozzy ba. Suka kira kansu Heaven & Hell. Waƙa da faifan 1980 suka haifi ƙungiya bayan shekara 26, kuma Iommi da Butler suka zama sun yi abin nan sau biyu a rayuwarsu. Suka yi rangadi, suka fitar da sabon faifai a 2009, tafiyar ta tsaya da rasuwar Dio a Mayun 2010.

A 2009 ɗin nan ne kuma Ozzy ya maka Iommi a kotu a Amurka kan mallakar tambarin Black Sabbath, yana neman rabin haƙƙi. Mutum biyu da suka yi makaranta ɗaya suna yara, suna jayayya ta bakin lauyoyi kan kalmomi biyu da suka aro daga allon sinima. Hujjar kowannensu tana da nauyi. Iommi na iya cewa shi ya riƙe sunan lokacin da kowa ya watse, Ozzy na iya cewa muryarsa ce ta ba sunan darajar da ake rigima a kai. Ni dai ina ganin waƙar 1969 ta riga ta raba gardamar, domin ba a iya cire yatsun ɗaya ko muryar ɗaya daga cikinta a ce saura Black Sabbath ce. Sun sasanta a 2010, suka fitar da faifai na ƙarshe tare a 2013, wanda ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka. Ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun suka yi wasan ban kwana a filin ƙwallon Villa Park, a cikin Aston ɗin da suka tashi. Ozzy ya rasu ranar 22 ga watan.